Haihuwa Ta Hanyar Tiyata: Wa Ke Da Ikon Zaɓi, Likita Ko Mai Ciki?

A cikin shekarar 1999 wata mata mai suna Nadine Montgomery ta haihu a wani asibiti na ƙasar Scotland. Mace ce mai ƙaramin jiki, ga ta da ciwon sukari, wanda kan sa jariri ya yi girma ainun a ciki. Likitarta ta san cewa a irin wannan hali, kashi 9 zuwa 10 cikin 100, kafaɗun jariri kan maƙale wajen fita, amma ta ɓoye mata, don gudun kada ta ce a yi mata aiki. Kafaɗun kuwa suka maƙale, yaron ya tashi da naƙasar ƙwaƙwalwa. A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba matar gaskiya, ta ce wajibi ne likita ya bayyana duk haɗarin da mai hankali zai so ya sani, da sauran hanyoyin da ke akwai.

To, idan babu larura fa, tsoron naƙuda ne kawai? Nan masana suka rabu. A 1998 kwamitin ɗa'a na ƙungiyar likitocin mata ta duniya, watau FIGO, ya ce yin haka bai dace ba. A 2011 kuwa hukumar NICE ta Ingila ta ce a saurari matar, a ba ta shawara, in ta dage a yi mata.

Amma gaskiyar da za a faɗa wa Bahaushiya tana da wani nauyi dabam. Kowace tiyata kan bar tabo a mahaifa, kuma yawan tabon kan ƙara haɗarin mabiyiya ta manne ko ta tare hanya a ciki na gaba, jini ya ɓalle. Mai fatan 'ya'ya bakwai ba daidai take da mai son biyu ba, tilas likita ya tambaye ta.

Ita ɗin kuwa za a tambaya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce majiyyaci ake yi wa bayani, cikin harshen da yake ji. Duk da haka, a asibitocinmu da dama maigida ake kira gefe ya sa hannu, mai cikin tana kwance ba ta san abin da aka ƙulla ba.