Daga RTK zuwa dish: hannayen da talabijin ta ratsa kafin ta iso Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Dattijon da aka haifa a Faskari a farkon shekarun 1960, ko da bai taɓa barin gidan mahaifinsa ba, ya zauna a jihohi huɗu: Jihar Arewa ta zamanin Sardauna, Jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967, Jihar Kaduna daga 1976, sai Jihar Katsina daga 23 ga Satumba, 1987. Tashar talabijin ɗin da ya fara sani ita ma haka ta yi ta sauya iyayen gida, kuma duk lokacin da ta sauya, abin da ke fitowa a akwatin sai ya sauya tare da ita.

A Kaduna labarin ya fara. Bayan Yammacin Najeriya ta buɗe WNTV a Ibadan a Oktoban 1959, Gabas ta bi sahu a Enugu a 1960, gwamnatin Sir Ahmadu Bello ta kafa kamfanin watsa labarai na Arewa, BCNN, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. A Maris ɗin 1962 aka fara ganin hoto. Wannan shi ne gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, wanda tsofaffi ke kira RTK har gobe. Mallakar Arewa ne, kuma ba ya ɓoye cewa muryar Arewa yake ɗauke da ita. Rediyonsa ya shiga kowane ƙauye. Hotonsa kuwa bai yi nisa haka ba, domin a lokacin akwatin talabijin kayan manyan ma'aikata ne da attajiran birni, balle a garuruwan da ko lantarki bai kai ba.

Da aka rarraba Arewa zuwa jihohi shida a 1967, gidan ya koma gadon da 'yan'uwa ke riƙewa tare, ƙarƙashin hukumar riƙon ƙwarya da ke kula da kadarorin tsohuwar Jihar Arewa. Wasu jihohin suka gina nasu. Jos ta buɗe tashar Benuwai da Filato a 1974, ita ce ma ta fara nuna hoto mai launi a ƙasar. Sakkwato ita ma ta samu tata.

Sai sojoji suka share komai a tashi ɗaya. Doka ta 24 ta shekarar 1977, wadda aka mayar da fara aikinta baya zuwa 1 ga Afrilu, 1976, ta kafa hukumar NTA, ta kuma damƙa mata duk wata tashar talabijin da ke ƙasar. Hujjar gwamnatin Janar Obasanjo ita ce haɗin kan ƙasa, ga tabon yaƙin basasa bai gama warkewa ba. Talabijin ta Kaduna ta koma reshen NTA, rediyon kuma ya shiga hannun tarayya a 1978 ya zama Rediyon Najeriya Kaduna.

Me mai kallo ya gani a zahiri? Tashar tana nan inda take, ma'aikatan su ne dai, amma mafi tsadar lokacin dare ya bar hannunta. Ƙarfe tara na cika, dole kowace tasha ta ajiye abin da take yi ta haɗe da Legas domin labaran ƙasa, da Turanci. Hausa ta koma gefe, kafin tara ko bayanta. Duk da haka, adalci shi ne a faɗi cewa a ƙarƙashin NTA ɗin ne wasan kwaikwayon Hausa na talabijin ya yi tashen da ba a manta ba: Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da Karambana na Ƙasimu Yero daga Kaduna, Karkuzu daga Jos, Idon Matambayi daga Sakkwato. A kudancin Katsina, yankin da ake kira Karaɗuwa, wanda ya samu akwati sai ya ɗaure eriya a kan doguwar gora ko bututun ƙarfe, a tura yaro waje yana juya ta, ana yi masa kira daga ɗaki ya tsaya ko ya ƙara. Kudu ake juya ta galibi, wajen Kaduna.

A nan akwai bambanci tsakanin tsarinmu da na wasu ƙasashe. A Amurka tashar gari daban take, babbar kafar da ke ba ta shirye-shirye daban, yarjejeniya ce kawai ke haɗa su. Shi ya sa a 1994, bayan kamfanin Fox ya ƙwace damar nuna wasannin ƙwallon Amurka daga hannun CBS, rukunin tashoshin New World ya sauya sheƙa zuwa Fox, masu kallo a manyan birane suka wayi gari tashar da suka saba da ita ta koma nuna wasu shirye-shirye. A Najeriya ba cinikin 'yan kasuwa ne ya riƙa kawo irin wannan sauyin ba. Dokar soja ce, da tsarin mulki, da siyasa.

Siyasar kuwa ba ta daɗe ba ta dawo. Tsarin mulkin 1979 ya ba jihohi damar mallakar talabijin, gwamnonin da ba na jam'iyyar NPN ba suka yi ca a kai, domin suna kallon NTA a matsayin bakin gwamnatin Shagari. Lateef Jakande ya buɗe LTV a Legas. Muhammadu Abubakar Rimi na PRP ya kafa CTV 67 a Kano, tashar da aka sauya wa suna zuwa ARTV bayan rasuwarsa a 2010. Tun daga lokacin ɗabi'ar ta zauna: tashar jiha ta gwamna ce, tashar tarayya ta shugaban ƙasa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Katsina ta samu jiha, ta samu reshen NTA, ta kuma kafa tata tashar, KTTV. A takarda, mutumin Sabuwa ya samu tasharsa ke nan. Sai dai siginar talabijin ta ƙasa ba ruwanta da taswirar mulki; tana tafiya ne gwargwadon tsawon hasumiya da ƙarfin na'urar watsawa. Sabuwa tana can ƙarshen kudu, kan iyaka da Jihar Kaduna, ta fi kusa da Zariya nesa ba kusa ba a kan birnin Katsina. Faskari tana kan iyakar Zamfara, hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta ratsa ta Sheme da 'Yankara. Ƙanƙara ce ta ɗan matso tsakiya. Yanki ne da ya faɗa a gefen kowace tasha, babu wadda aka gina dominsa.

Doka ta 38 ta 1992, zamanin Janar Babangida, ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. DITV ta fito a Kaduna, Channels ta John Momoh da AIT ta Raymond Dokpesi suka fito a Legas, duk a tsakiyar shekarun 1990. Su ma birni suka nufa, inda masu talla suke.

Abin da ya kai talabijin ƙauyukan Karaɗuwa da gaske shi ne dish da risiba, musamman da farashinsu ya faɗi, janareto ƙarami da sola suka yawaita. Mai shayi, mai cajin waya, gidan kallon ƙwallo, duk suka zama wuraren kallo. Tashoshin kyauta na wa'azi irin su Sunnah TV da Manara suka samu gindin zama. Amma a saman tauraron ɗan'adam ma tambayar mai gida tana nan, sai ma ta ƙara nisa.

Arewa24 misali ce mai kyau. Da yawa daga masu kallon Daɗin Kowa da Kwana Casa'in sun ɗauka wani attajirin Kano ne ya kafa ta. A gaskiya ƙungiyar Equal Access ta Amurka ce ta kafa ta a 2014, da kuɗin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, a lokacin da rikicin Boko Haram ke kan ganiyarsa, kuma jaridar New York Times ta ba da labarin tun a shekarar. Daga baya ta koma kamfani mai zaman kansa da ke rayuwa da kuɗin talla. Wannan asali bai rage wa shirye-shiryenta inganci ba. Tasha ce da ta nuna cewa ana iya cika awa 24 da Hausa zalla. Amma mai kallo yana da haƙƙin sanin wanda ya aza harsashin.

StarTimes, wadda dikodarta ta fi sauƙin kuɗi, haɗin gwiwa ce tsakanin kamfanin China mai kashi 70 da NTA mai kashi 30. A 2020 sanatoci sun ɗaga murya da shugabannin NTA suka shaida musu cewa shekara da shekaru haɗin gwiwar bai kawo riba ba. DStv da GOtv, masu ɗauke da Africa Magic Hausa da ƙwallon Ingila, na kamfanin MultiChoice ne na Afirka ta Kudu, wanda Canal+ na Faransa ya karɓe ikonsa a Satumban 2025. Saurayin da ke biyan kuɗin shiga gidan kallo a Ƙanƙara don ya ga Arsenal, wani ɓangare na kuɗinsa yanzu Faris ya nufa. A Maris ɗin 2025 kuma, umarnin Shugaba Trump ya tsayar da ayyukan Muryar Amurka, tashoshin Arewa da ke karɓar shirye-shiryen sashen Hausa suka tarar da gurbi a jadawalinsu.

Na gida ma ba su tsira ba. A Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin gidaje 52 saboda bashin da ya haura naira biliyan 2.6, ciki har da AIT da gidajen gwamnatocin jihohi da dama, kafin ta dakatar da matakin. Wata biyu bayan haka, a Gusau, babban birnin Zamfara mai maƙwabtaka da Faskari, gwamnatin jihar ta Bello Matawalle ta ba da umarnin rufe NTA da Pride FM da Gamji TV saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa. Gwamnatin jiha ta rufe tashar tarayya, abin da NBC ta ce jiha ba ta da hurumin yi, kuma gwamnatin ta janye daga baya.

Shirin komawa tsarin dijital, wanda zai sa dikoda ɗaya ta kama tashoshi da yawa kyauta, ya wuce wa'adin duniya na Yunin 2015. An ƙaddamar da shi a Jos a 2016, Kaduna a 2017, Kano a 2021, ya riƙa tafiya birni bayan birni.

Duk waɗannan masu gida, tsofaffi da sababbi, ba kasafai suke turo kyamara yankin ba sai an yi masifa. A Disamban 2020, da aka sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, tashoshin duniya sun cika garin har aka sako yara 344, sannan suka kama hanya. Farashin masara a kasuwar Sheme, rikicin taki, noman auduga da ya ja baya, ba su cika samun minti biyar ba. Matasan yankin ne suka cike gurbin da wayoyinsu, suna ɗauka suna ɗorawa a Facebook da WhatsApp, gidajen talabijin na birni su tsinta daga can. Wannan hanyar ma tana da mai riƙe da makunninta: a Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar tsaro, da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk a ciki, kuma sai a Disamba gwamnatin Aminu Bello Masari ta amince a dawo da su.