Sauya Wa Manhajar Hira Fuska: Abin Da Ya Kamata 'Yan Zongo Su Sani

Da yawa daga cikinmu a Nima da Maamobi mun saba tura saƙo ga banki ko kamfanin waya, amsa ta dawo nan take, alhali ba mutum ne ya rubuta ta ba. Wannan ita ce manhajar hira. Bankin UBA, alal misali, ya fito da tasa mai suna Leo a shekarar 2018. Haka kuma yaranmu sun shiga wannan sana'a. Shirin Tech Needs Girls na Regina Honu ya koya wa 'yan matan Nima rubuta manhaja tare da ƙungiyar Achievers Ghana, kafin ta buɗe makarantar Soronko a 2017. To, duk wanda ya koyi ginin manhaja, wata rana sai an kira shi gyaran tsohuwa. Daga cikin gyare-gyaren nan, sauya fuska na daga cikin masu wuya.

Manhajar hira kamar shago take. Akwai kanta inda mai saye ke tsayawa, wato shafin da ake gani da akwatin rubutu da maɓallin aikawa. Wannan ita ce fuska. Akwai kuma ɗakin ajiya a baya, inda ake fahimtar tambaya a haɗa amsa. Ba a gina fuska daga tushe, akan ɗora ta ne a kan wani ginshiƙi da wasu suka riga suka tanada, irin su AngularJS da React da Vue.

Me zai sa a taɓa abin da ke aiki lafiya? Dalili shi ne ginshiƙi ma yana tsufa. Kamfanin Google ya fito da AngularJS a 2010, ya kawo sabon Angular a 2016 wanda gininsa ya sha bamban da na farko, sannan ya daina kula da tsohon a ƙarshen 2021. Vue na 2 ma an daina kula da shi ranar 31 ga Disamba, 2023. A watan Fabrairu na 2025 masu React suka sanar da yin ritaya ga Create React App, wanda ɗalibai da yawa suka fara koyo da shi. Shafin da aka gina a kan irin waɗannan ba ya mutuwa a ranar. Amma in an gano wata kafa da ɓarayin intanet za su shiga, masu shi na asali ba za su toshe ta ba. Ga manhajar da ake rubuta wa lambar waya ko maganar kuɗi, wannan ba ƙaramin hatsari ba ne. Gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba.

Masana aikin sukan yi gargaɗi da a guji rushe komai a dare ɗaya. A 2004 wani masani ɗan Ingila, Martin Fowler, ya kwatanta hanyar da ta fi aminci da irin itacen ɓauren nan da ke tsirowa a jikin wani itace, yana girma a hankali har ya maye gurbinsa. Wato a bar ɗakin ajiya yadda yake, a fara sauya yanki ɗaya na fuska, kamar akwatin rubutu, a gwada, sannan a wuce gaba. Tun farko a rubuta duk abin da tsohuwar fuska ke yi, domin sau da yawa akwai ƙananan dabaru da wanda ya gina ta ya saka, ya tafi bai gaya wa kowa ba. A kuma ajiye tsohuwar a gefe, in sabuwa ta ba da matsala a koma mata cikin gaggawa.

Akwai abubuwa huɗu da suka shafe mu 'yan Zongo kai tsaye.

Na farko, nauyi. Sabon ginshiƙi yakan zo da kaya masu yawa da waya za ta sauke kafin shafi ya buɗe. Mai gini yana gwaji a babbar kwamfuta, amma mai sayar da wake da shinkafa a kasuwar Nima ƙaramar waya gare ta, kuma data ɗin 'yan sidi kaɗan take saye. In shafi ya yi jinkiri, rufewa za ta yi. Saboda haka a yi gwaji a kan waya mafi araha.

Na biyu, yankewar layi. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace, Gana da maƙwabtanta suka shiga wahala kwana da kwanaki. Fuska mai kyau ita ce wadda za ta riƙe saƙon da aka rubuta in layi ya yanke, ta sake aikawa in ya dawo, ba tare da ta aika sau biyu ba. In maganar biyan kuɗi ce, aikawa sau biyu asara ce.

Na uku, harshenmu. Hausar boko tana da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba, shi ya sa wani lokaci sai a ga ɗan akwati a madadin harafi. Bugu da ƙari, yawancinmu a nan “kudi” muke rubutawa, ba “kuɗi” ba, ga kuma Turanci da Twi da muke cakuɗawa. Dole sabuwar fuska ta karɓi duka biyun. In kuwa ana son dattawanmu masu ajami su amfana, sai shafi ya iya jera rubutu daga dama zuwa hagu.

Na huɗu, sirri. Wasu fuskoki suna ajiye tsohuwar hira a cikin wayar mai amfani. In aka sauya adireshin shafi ko tsarin ajiya, hirar tana iya ɓacewa. In kuwa an kwashe ta zuwa wani wuri, dokar kare bayanan jama'a ta Gana, wato Doka ta 843 ta 2012, ta ɗora wa mai riƙe da bayanan alhakin tsare su.

Kira ga shugabannin ƙungiyoyi da makarantu da 'yan kasuwarmu shi ne, in za ku ba da aikin manhaja, ku tambayi mai gini a kan wane ginshiƙi zai ɗora, da kuma ko masu shi suna nan suna kula da shi. Ku karɓi rubutun manhajar da makullanta a hannunku. Matasa kuwa, ku ƙware a tushen aikin, wato HTML da CSS da JavaScript, domin ginshiƙi yana zuwa ya wuce, su kuwa suna nan tun shekarun 1990. Wanda ya riƙe tushe, kowane sabon yayi ya zo zai same shi a shirye.