Shago A Ƙasa, Iyali A Sama: Lissafin Masu Gina Benaye A Nassarawo

YOLA: Duk wanda ya daɗe bai shiga Jimeta ba, idan ya ratsa Nassarawo da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, abin da zai fara lura da shi shi ne yadda gidajen bakin titi suke juya fuskarsu zuwa kasuwa. Inda a da ake ganin katanga da ƙofar zaure, yanzu jerin shaguna ne masu ƙofofin ƙarfe, a samansu kuma ɗakunan haya, ko kuwa rodi a tsaye yana jiran ranar da mai gida zai sami kuɗin ɗora hawa na biyu. Ga ɗan kasuwar da ya mallaki fuloti a irin wannan wuri, ginin da zai yi shi ne mafi girman jarin da zai zuba a rayuwarsa, kuma zanen da aka yi wa ginin tun a takarda shi ne zai nuna ko jarin zai dawo ko zai nutse.

Nassarawo ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, tare da irin su Luggere da Doubeli da Rumde da Alkalawa da Jambutu. Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, ita ce mazaunin Lamiɗo, Jimeta kuwa ta girma ne a bakin kogin Binuwai a matsayin tashar jiragen ruwa da kamfanonin Turawa suke sauke kaya. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, sakatariya da ma'aikatu da bankuna suka sauka a Jimeta, kuma hakan ya ci gaba bayan da aka raba jihar zuwa Adamawa da Taraba a 1991. Ƙidayar 2006 ta nuna Yola ta Arewa tana da kusan mutum 200,000. Bayan wannan, a ƙarshen 2014, lokacin da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, dubban iyalai suka kwararo cikin garin, kuma da dama daga cikinsu suka zauna ke nan. Jama'a sun ƙaru, amma filin tsakiyar gari yana nan yadda yake. Shi ya sa masu gidaje suka fara duban sama.

Tsohuwar Dabara

Haɗa kasuwanci da wurin kwana a gini ɗaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da ta Fulani. Zaure, wanda Fulanin Adamawa suke kira jawleeru, shi ne shagon tela da baduku da malamin allo, kuma a nan fatake suke sauka su ajiye hajarsu a hannun mai gida. A Kano, Kantin Kwari ya samo asali ne daga kantunan Kwara waɗanda suke ciniki a gaba, iyalinsu kuma suna zaune a baya ko a sama. A Singafo, tsarin gari na 1822 ya wajabta wa masu irin waɗannan gidaje su bar baranda mai rufi a gaban shaguna domin masu tafiya a ƙasa, kuma har yau waɗannan gine-gine suna cikin kadarori masu tsada a birnin.

Bambancin da ke akwai shi ne, gidan gargajiya ya san yadda zai raba baƙo da iyali. Daga zaure sai shigifa, sannan tsakar gida, kowane da iyakarsa. Benen zamani da aka gina ba tare da tunani ba yakan rushe wannan tsari, ya bar mai gida da rigingimun da kuɗin haya ba zai biya su ba.

Lissafin Fuloti

Fulotin da aka fi sani a cikin gari shi ne mai ƙafa 50 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo. Idan faɗin ne yake kallon titi, mai gida zai iya fitar da shaguna biyar masu ƙafa 10 kowanne, sai dai in ya yi haka ya toshe hanyar shiga. Masu zanen gine-gine sukan ba da shawarar a yi shaguna huɗu, a bar sauran ƙafa 10 domin ƙofar masu zama a sama da hanyar da motar kwasar masai za ta bi. Mai gida yakan ga kamar ya yi asarar hayar shago guda, alhali wannan gurbi shi ne yake ba ɗakunan sama daraja. Magidancin da zai biya hayar falat mai ɗaki biyu ko uku ba zai yarda matarsa da 'ya'yansa mata su riƙa ratsa tsakiyar masu ciniki da masu Keke Napep duk lokacin da za su fita ba. Inda matakala ta faɗo cikin shaguna, gidan yakan ƙare a hannun samari marasa aure ko kuma ya koma sito, kuɗin hayarsa kuma ya ragu.

Haka nan kuma akwai batun maƙwabta. Barandar da take leƙa tsakar gidan wani ita ce tushen ƙararraki da yawa da suke zuwa gaban masu unguwa. Maganin abin ba shi da tsada idan an yi shi tun a zane: a ɗaga tagogin da suke fuskantar maƙwabci sama da tsayin mutum, a toshe baranda da bulo mai huji wanda iska take ratsawa amma ido ba ya wucewa, sannan a bar fili a tsakiyar ginin domin haske da shanya da girki.

Zafi Da Wutar Lantarki

Yola tana cikin garuruwan da suka fi zafi a Nijeriya. A watannin Maris da Afrilu zafin yakan haura digiri 40 a ma'aunin salshiyas. Da yake garin yana kusa da tsakiyar duniya, rana takan bi ta saman kai kusan duk shekara, saboda haka bangon gabas da na yamma su ne suke shan duka, musamman na yamma daga azahar zuwa la'asar. Ginin da ya miƙe daga gabas zuwa yamma, manyan tagoginsa suna kallon kudu da arewa, ɗan rufi kaɗan a saman taga ya isa ya tsare shi. Inda titi ya tilasta wa gini kallon yamma, sai a zurfafa baranda, a mayar da bayi da matakala wannan ɓangare, a nisanta ɗakunan kwana.

Hawa na ƙarshe shi ne ya fi wahala, domin yana ƙarƙashin kwano. Idan aka bar tazara tsakanin kwano da silin, aka kuma buɗe kafofin da iska mai zafi za ta fita, bambancin a fili yake. Yayin da ake ta yayin rufe fuskar bene da gilashi mai duhu irin na Abuja, ya kamata mai gida ya tuna cewa irin wannan gini ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki. Wutar Kamfanin Rarraba Lantarki na Yola ba kullum take samuwa ba, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kunna janareta ya zama babban nauyi. Ɗan hayar da ya sha bazara ɗaya a ɗakin da ba ya shaƙar iska ba ya sabunta haya.

A Yamai, babban birnin Nijar, an gwada wata hanya. Rukunin gidajen da ake kira Niamey 2000, wanda aka kammala a 2016, aikin wasu masu zane ne da suka haɗa da Mariam Issoufou Kamara. An gina shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka ɗaga gidajen sama domin a tara iyalai a fili kaɗan, kowane gida da tsakar gidansa. Aikin ya shiga jerin waɗanda aka tantance domin lambar yabo ta Aga Khan a 2022. A nan gida ma, Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana tallata irin wannan tubali. Da farashin buhun siminti ya haura N10,000 a watan Fabrairun 2024, maganar ta sake samun masu saurare.

Ruwa Daga Sama Da Ƙasa

Matsala ta biyu ita ce ruwa. Madatsar Lagdo da ke Kamaru, wadda aka kammala a 1982, idan aka saki ruwanta Binuwai yakan cika ya tumbatsa, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. A watan Yulin 2025 kuma ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya mamaye unguwanni a Yola ta Kudu, irin su Shagari da Yolde Pate, mutane fiye da 20 suka rasu. Ko a unguwannin da kogi ba ya kaiwa, duk lokacin da aka sake shimfiɗa kwalta titi yakan ƙara tudu, daɓen shago kuma ya koma kwari. Ɗaga daɓe sama da titi da matakala biyu ko uku ya fi sauƙi a kan asarar buhunan shinkafa ko atamfa a dare ɗaya.

A ƙarƙashin ƙasa ma akwai lissafi. Ma'aikatan lafiya sun fi amfani da ƙa'idar barin mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kuwa mita 15 ne da 30 kacal. Ke nan idan aka tara iyalai shida ko takwas da shaguna huɗu a kansa, aka haƙa rijiya da sokawe a ciki, maƙwabci ma ya yi haka, to ruwan sha yana cikin haɗari. A watan Satumbar 2024 gwamnatin jihar ta tabbatar da ɓarkewar kwalara a Yola ta Arewa. Wannan ya sa girman sokawe da zurfin burtsatse da yadda aka rufe bakinsa suke buƙatar lissafin injiniya, bisa yawan mutanen da za su zauna.

Ginin Kaɗan-Kaɗan

Mafi yawan waɗannan benaye da kuɗin aljihu ake gina su. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 yana ba da rance da ruwa kashi 6 cikin 100, amma domin gidan zama aka yi shi. Bankunan kasuwanci kuwa sun yi tsada, domin Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a watan Nuwamban 2024. Saboda haka ɗan kasuwa yakan gina shaguna, ya zuba rufin kankare da magina suke kira dekin, ya tara haya, sannan bayan shekaru ya ɗora hawa.

Wannan dabara ba laifi ba ce, matuƙar tun farko an lissafa harsashi da ginshiƙai domin yawan hawan da ake nufi. Haɗarin yana zuwa ne lokacin da aka ɗora hawa uku a kan harsashin da aka yi domin ɗaya, ko aka bar rodi yana tsatsa a ruwan damina, ko aka cire katakon dekin kafin kankare ya yi ƙarfi, alhali injiniyoyi suna auna cikar ƙarfinsa ne a kwana 28. Akwai kuma nauyin da ba a sa shi a lissafi ba. Tankin ruwa mai lita 1,000 tan guda ne, kuma ɗakin da aka zana domin gado da kujeru ba zai ɗauki buhunan hatsi har silin ba. Benen da ya rufta a titin Beirut da ke Kano a watan Agustan 2022, da makarantar da ta faɗi a Jos a watan Yulin 2024 inda mutum 22 suka mutu, sun isa ishara. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma kuɗin da ake gudun biyan injiniya bai kai na bango ɗaya ba.

Gobara ma tana cikin lissafin. Shagon da ake sayar da gas ko katifa ko man inji a ƙarƙashin ɗakin kwana, ga tagogi duk an ɗaure su da ƙarfe, ga matakala ɗaya tak, tarko ne. Matakala ta biyu a bayan gini, da ƙarfen taga guda mai buɗuwa a kowane falat, da mitar lantarki daban ga kowane ɗan haya, suna rage haɗari da kuma rigimar biyan kuɗin wuta.

Takardu Da Gado

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma takardar mallaka tana fayyace abin da aka ba da filin dominsa. Wanda ya mayar da gidan zama wurin kasuwanci yana buƙatar izinin canza amfani da kuma amincewar Hukumar Tsara Birane da Raya Su ta Jihar Adamawa. Ayyukan faɗaɗa tituna da gadojin sama da aka yi a Jimeta tun daga 2019 sun nuna cewa shagon da ya ci hanya yana iya tashi a kowane lokaci, kuma mai ginin da ba shi da takarda yana da wuyar neman diyya. Masu zane da injiniyoyi masu rajista da hukumomin ARCON da COREN suna nan a garin, kuma Jami'ar Modibbo Adama tana yaye ɗalibai a fannin zanen gine-gine.

Abu na ƙarshe da ba a cika tunawa da shi ba shi ne gado. Gidan ƙasa ana iya tsaga shi da katanga a raba wa magada, amma bene ba ya tsaguwa. Idan kowane falat da kowane shago yana da ƙofarsa da mitarsa da bayinsa, masu rabon gado za su iya yi wa kowanne kuɗi su ba kowa rabonsa. Idan kuwa komai a cakuɗe yake, abin da yakan biyo baya shi ne a sayar da ginin gaba ɗaya cikin gaggawa, a farashin da dillalai suka ga dama.

Ga mai fuloti a Nassarawo da yake shirin fasa zaure ya fitar da shaguna a wannan rani, matakan farko su ne a gwada ƙasar wurin, a yanke shawarar yawan hawan da za a yi ko da sai bayan shekara goma za a kammala, a sami zane mai hatimin ƙwararru, sannan a kai shi hukuma kafin a sauke tifar yashi ta farko.