Daga Zariya da Malumfashi zuwa duniya: yadda ake auna darajar binciken masanin lafiya

A jami'o'in Najeriya, malami ba ya kaiwa matakin farfesa sai an ƙirga maƙalolin da ya wallafa a mujallun kimiyya. Bayan yawan maƙalolin, akwai ma'auni na biyu da duniyar ilimi ta fi ɗauka da muhimmanci, wato ambato: sau nawa wasu masana suka kafa hujja da aikinsa a nasu rubuce-rubucen. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziks a Amurka, Jorge Hirsch, ya haɗa ma'aunan biyu a lamba ɗaya. Idan aka ce lambar masani 40 ce, ana nufin yana da maƙaloli 40 waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau 40. A yau rumbunan intanet irin su Scopus da Google Scholar ne ke yin wannan lissafi.

Tarihin Farfesa David Warrell, likitan Ingila wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a farkon shekarun 1970, ya nuna abin da wannan lamba ke iya aunawa da abin da ke kuɓuce mata. A can ne ya mayar da hankali kan saran maciji, musamman kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi da cikin jiki. A 1977 shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon binciken da suka yi kan majinyatan Arewacin Najeriya, kuma daga wannan aiki ne wani gwaji mai sauƙi ya yaɗu. Ana ɗibar jinin wanda maciji ya sara a zuba a sabuwar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20 ba tare da an girgiza ba. Idan aka karkata kwalbar jinin ya kwarara, dafi ya shiga jiki, dole a yi allurar maganin dafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya gwajin cikin ƙa'idojinta, ana kuma amfani da shi daga Afirka har Indiya.

Ƙasar noma ta kudancin Katsina ma tana da kaso a wannan ilimi. A shekarun 1970 aka gudanar da shirin binciken cututtuka na Malumfashi, haɗin gwiwa tsakanin masana daga Libaful da jami'ar Zariya, wanda ya haifar da jerin maƙaloli. Ɗaya daga cikinsu, ta 1980, ta yi bayani kan yadda mutanen yankin ke karo da kumurci, macijin da ke tofa dafi a ido. Manoma da makiyayan da suka amsa tambayoyi suka ba da jininsu su ne tushen alƙaluman da masana ke ambata har yanzu.

Sai dai ambato yana auna yaɗuwar aiki ne tsakanin masana kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, amma sai a 2017 ta mayar da shi jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, shekara 40 bayan maƙalar Zariya. An gwada sababbin magungunan dafi a Kaltungo ta Jihar Gombe, aka wallafa sakamakon a 2010, duk da haka samun maganin a kan lokaci da tsadarsa na ci gaba da wahalar da talaka.

Ga manomin Maska da ke yankan dawa ko tsintar auduga, darajar wannan bincike na bayyana ne idan asibitin da ya fi kusa da shi na da kwalbar gilashi, da ma'aikacin da ya san gwajin, da maganin dafi a ajiye. Waɗannan abubuwa uku suna hannun masu tsara kasafin kuɗin lafiya a jiha da ƙananan hukumomi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 2030 a matsayin wa'adin rage mace-macen da rabi.