Fulatanci ya shiga intanet, amma wane Fulatanci?

A watan Yunin 2024 ne kamfanin Google ya ƙara harsuna 110 a manhajarsa ta fassara, cikinsu har da Fulatanci da kuma Marwari na jihar Rajasthan a Indiya.

Harsunan biyu na fama da matsala iri guda. Ƙidayar Indiya na sanya Marwari ƙarƙashin Hindi, yayin da a ƙauyukan Ɗambatta da Bichi Hausa ta mamaye bakin Fulani da dama.

Malamai sun daɗe suna rubuta Fulatanci da ajami, kafin taron Bamako na 1966 ya daidaita haruffansa na boko. Akwai kuma Adlam, wanda wasu 'yan uwa biyu suka ƙirƙiro a Gini a 1989.

Nahawunsa ba kanwar lasa ba ne: azuzuwan suna sun haura 20, kuma farkon kalma kan sauya, Pullo ya koma Fulɓe.

To sai dai Fulatancin Gini ya yi nisa da na Adamawa, don haka fassara ɗaya da wuya ta gamsar da makiyayin da ke Ɗambatta.