Naira da Sefa: Yadda Ake Juya Ɗaya Zuwa Ɗaya

An shirya wannan takarda musamman domin waɗanda ƙasarsu ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, tun daga Kamba da Illela har Jibiya da Kwangwalam da Maigatari, inda kuɗi iri biyu suke yawo cikin kasuwa guda. Talaka ya kan kai rago ya sayar da sefa, ya komo gida ya auni hatsi da naira, in an sami saɓani kuwa ba ya da wurin zuwa sai ƙofar Hakimi. Malamin da bai iya juya kuɗin nan ba, ba shi da abin da zai rubuta sai abin da mai wayo ya faɗa masa, sa'an nan a danne hakkin mai gaskiya da sa hannun hukuma.

Asalin sunayen kuɗi

Kafin a shiga lissafi ya kamata a san inda sunayen suka fito, gama yawancin rikici daga suna ya kan taso. A zamanin kakanninmu da wuri ake ciniki, wanda fatake suke kawowa daga tsibiran Bahar Hindi, kuma kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Wuri 20,000 shi ne keso ɗaya. Don babban ciniki kuwa akwai wata azurfa ta ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Teriza, wadda ake buga 1780 a jikinta ko da wace shekara aka ƙera ta. Ita ce dala ta asali. Baturen nan matafiyi Barth, wanda ya sauka Kano cikin 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500.

Da Turawa suka raba ƙasa, sai sunan nan ya rabu biyu. A wajenmu aka riƙa kiran sule biyu dala, ko fataka. A wajen Faransa kuwa aka laƙaba wa azurfarsu ta faran 5 sunan, domin girmansu ya yi kusa. Tamu dalar ta shuɗe tare da kuɗin Ingila, amma tasu tana nan da ranta, da ita ake ƙirga har gobe.

A Nijeriya an kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma cikin 1912, ita ta riƙa fitar da fam da sule da sisi da taro da kwabo da anini. Babban Bankin Nijeriya ya soma aiki ran 1 ga Yuli 1959, ya fito da fam na ƙasa. Ran 1 ga Janairu 1973 aka kawo naira, aka yanke fam ɗaya naira 2, sule ɗaya kwabo 10. A lura, tsohon kwabo guda 12 ne a sule, saboda haka shi da sabon kwabo ba ɗaya ba ne. Malamin da ya ci karo da tsohuwar takardar jinginar gona mai cewa fam 15 da sule 10, naira 31 ke nan a lissafin 1973. Amma ko naira 31 ta yau ta biya bashin nan, wannan magana ce ta alkali, kada malami ya yanke ta a zaure.

Sefa kuwa Faransa ta ƙirƙira ta ran 26 ga Disamba 1945 domin ƙasashenta na Afirka, ta ɗaure ta da faran nata. Daga 1960 sefa 50 ce faran ɗaya na Faransa, haka aka zauna har ran 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajarta da rabi, ta koma 100. Dattawan bakin iyaka ba su manta da ranar nan ba, gama wanda ya kwana da sefa a akwati ya wayi gari rabin ƙarfinta ya tafi. Da Faransa ta shiga kuɗin yuro ran 1 ga Janairu 1999, aka ɗaure sefa da shi: yuro ɗaya sefa 655.957, watau 656 in an cike. Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS cikin Janairu 2025, amma ba ta bar sefa ba.

Sefa iri biyu ce. Ta yamma, bankin BCEAO da ke Dakar ke fitar da ita domin ƙasashe 8: Nijar, Binin, Togo, Burkina Faso, Mali, Sanagal, Kwaddibuwa da Gini Bisau. Ta tsakiya, bankin BEAC da ke Yawunde ke fitar da ita domin ƙasashe 6, har da Kamaru da Cadi. Darajarsu a gaban yuro ɗaya ce, amma takardunsu daban, kuma ta Cadi ba kuɗi ba ce a kantin Maraɗi sai an kai ta wurin mai canji ya cire ladansa. Hakiman Barno, waɗanda iri biyun duka ke ratsa ƙasarsu, su suka fi bukatar kiyaye wannan.

Dala da jika

Ga inda baƙo ya kan faɗi. Mutumin Nijar ba ya faɗin lambar da aka buga a jikin kuɗi, da dala yake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Ƙarfen da aka rubuta wa 100, dala ashirin yake ce masa. Takardar 500 dala ɗari ce. Takardar 1,000 dala ɗari biyu ce, ita ake kira jika. Daga nan sai a ci gaba da jika: takardar 2,000 jika biyu, ta 5,000 jika biyar, ta 10,000 jika goma, ita ce mafi girma. Kadan mai tebur a Ƙonni ya ce maka ɗari, 500 yake nufi. Ka'idar ba wuya: in an faɗi kuɗi da dala, riɓa sau 5 ka sami sefa, in an rubuta sefa, raba gida 5 ka sami dala.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne mu ma muna da tamu jakar. A zamanin fam, jaka ɗaya fam 100 ce, bayan 1973 ta zama naira 200, har yanzu kuwa akwai tsofaffi da dillalan da ba su sake ta ba. Ashe mutum biyu suna iya daidaitawa a kan jaka hamsin su yi musabaha su rabu, alhali ɗaya naira 10,000 ke ransa, ɗayan kuwa sefa 50,000. Tsakanin biyun nan akwai tazarar da ta isa ta raba zumunci.

Lissafin canji

'Yan canji na bakin iyaka a kan jika suke faɗin farashi, watau naira nawa ce sefa 1,000. Farashin nan ba ya zama wuri ɗaya, ya kan motsa cikin mako, wani lokaci cikin wuni. Don haka lambar da za mu yi aiki da ita a nan misali ce kurum, ran da ake bukata sai a tambayi ta ranar. Bari mu ce jika tana naira 2,500.

Wani ya sayi sa a hannun Buzu jika 300. Sai a riɓa 300 sau 2,500, ya ba da naira 750,000. In kuwa naira ce a hannu ake neman sefa, rabawa ake yi: mai naira 100,000 ya raba da 2,500, ya sami jika 40, watau sefa 40,000. In kuɗin da dala aka faɗa, a fara mai da shi jika tukuna. Dala 300 sefa 1,500 ce, jika ɗaya da rabi ke nan, naira 3,750. Malami ya riƙa rubuta matakan nan bi da bi, kada ya tsallake ɗaya don gaggawa, gama sifiri guda in ya ɓace, kuɗin ya ragu sau goma.

Sa'an nan mai canji farashi biyu gare shi, na saye da na sayarwa, ribarsa tana tsakani. Alal misali yana karɓar jika a naira 2,450, yana bayarwa a 2,550. Wanda ya kawo jika 100 zai karɓi naira 245,000. In ya sake shawara nan take ya ce a mayar masa da sefarsa, sai ya biya 255,000. Ya yi hasarar naira 10,000 bai ɗaga ƙafa ba. Wannan ba zamba ba ce, sana'ar ke nan, kuma mai ƙara a kan haka ba shi da abin kamawa. Zamba ita ce a faɗa wa mutum farashi ɗaya a lissafa masa da wani, ko a sa masa takardar jabu cikin ƙulli.

Akwai hanyar da malami zai gwada farashin da aka faɗa masa ba tare da ya dogara ga bakin kowa ba. Tun da sefa a ɗaure take da yuro, jika ɗaya kullum yuro ɗaya da rabi ce da ɗan ɗoriya, watau 1.52. To, in an ji a rediyo yuro yana naira 1,640, a riɓa shi sau 1.52, a sami wajen naira 2,490. Farashin kasuwa ba zai yi daidai da wannan cif ba, domin ranar kasuwar dabbobi, kamar Alhamis a Maigatari, masu neman sefa su kan yi yawa ta ɗan hau. Amma in an ce wa mutum 2,000 a ranar da lissafi ya nuna kusan 2,500, lalle a tsaya a bincika.

Dalilin hawa da sauka

Mutane su kan ce sefa ta tashi. Galibi ba ita ta tashi ba, naira ce ta sauka, ko kuwa yuro ya motsa ya ja sefa tare da shi. Cikin 1980, a farashin hukuma, jika ba ta kai naira 3 ba. Daga Satumba 1986 Gwamnati ta soma barin kasuwa ta yanka wa naira farashi, cikin Yuni 2023 kuma aka ƙara sake mata linzami, har cikin 2024 jika ta haura naira 2,000. Naira tana bin kuɗin man fetur da ƙasa ke samu da tsadar kaya a gida. Sefa kuwa ba ta da wannan kai da kawowa, sai dai ƙasashenta ba su da ikon juya ta yadda suka ga dama, shi ya sa ake ta muhawara a kanta can.

Hakimi zai ga alamar wannan a ƙasarsa tun kafin jarida ta faɗa. In naira ta yi rauni, masu sefa su kan tsallako su kwashi gero da masara da kayan masarufi, gama a wurinsu sun yi araha, sai mudu ya hau a kasuwannin ƙauye, shanu da raguna da wake masu shigowa daga arewa kuma su yi tsada. Rufe iyaka, kamar wanda aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da na Agusta 2023 zuwa Maris 2024, shi ma ya kan girgiza farashin canji, don hanyar samun kuɗin ta ƙuntata.

Abin da ake so malami ya rubuta

Inda shari'a ta fi yawa shi ne bashi. A ce wani ya ranci jika 100 lokacin da take naira 1,200, ya canja ya sami naira 120,000 ya yi noma da ita. Da lokacin biya ya zo jika ta kai 2,500. Mai bashi ya ce jikarsa 100 yake so, watau naira 250,000, wanda ake bi kuwa ya rantse 120,000 ya ci. Ko wannensu yana ganin shi ke da gaskiya, kuma da wuya a raba su in ba a rubuta kome ba tun farko. A ganina rabin irin ƙarar nan da ba ta taso ba, da an ƙara layi ɗaya a takarda.

Saboda haka duk takardar ciniki ko rance ko jingina ko sadaki da ta biyo ta ofishin Hakimi, a rubuta sunan kuɗin filla-filla, naira ko sefa, kada a bar kalmar jaka ko dala ita kaɗai. A sa adadin da lamba, a kuma sake sa shi da kalmomi. A faɗi da wane kuɗi za a biya. In an yi canji cikin cinikin, a rubuta farashin jika na ranar da kwanan wata, a karanta wa masu yarjejeniya da shaidu su ji da kunnensu kafin su sa hannu ko su dangwala.

Game da kuɗin hukuma kuwa, naira kaɗai ce kuɗin biya a Nijeriya, kuma dokar Babban Banki ta 2007 ta sa ƙin karɓarta laifi ne. Haraji da kuɗin kasuwa da na tasha da naira ake karɓa, da naira ake ba da rasit. Baƙon da ya zo da sefa, a nuna masa wurin masu canji ya juya ta tukuna. Kada mai karɓar kuɗi ya karɓi sefa ya ce zai canja da kansa, domin in farashi ya motsa kafin ya kai baitulmali, littafinsa ba zai daidaita da abin da ke hannunsa ba, shi kuwa za a tambaya.

In an kawo takardar sefa ana shakkar irinta, a duba sunan bankin da ke jikinta da Faransanci. Ta yamma tana da harafi guda kusa da lambarta mai nuna ƙasar da aka fitar da ita: H ta Nijar ce, B ta Binin, T ta Togo. Dukansu suna ci a ƙasashen nan 8, ba a rage wa ko ɗaya daraja saboda harafinta.