Yadda ake kamo mai cin albashi biyu a rumbun bayanai

A watan Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi ta Najeriya ta sanar da cire sunayen ma'aikatan bogi 23,846 daga jerin masu karɓar albashi, bayan an tantance su da lambar banki ta BVN. Lambar nan guda ɗaya ce ga kowane mutum, ko da asusunsa goma ne. Don haka duk inda ta bayyana sau biyu a jerin albashi, akwai lauje cikin naɗi.

Umarnin da ake ba kwamfuta ta zaƙulo irin wannan bai kai layi biyu ba. Da SQL ake rubuta shi, harshen da aka ƙirƙiro a kamfanin IBM a shekarun 1970. A ce teburin da bayanan ke ciki sunansa albashi:

SELECT bvn, COUNT(*) FROM albashi GROUP BY bvn HAVING COUNT(*) > 1;

GROUP BY aikin mai tumatir yake yi, ya kasa bayanan kashi-kashi, kowace lamba da nata kashin. COUNT ya ƙirga abin da ke cikin kowanne, HAVING kuma ya bar kashin da ya haura ɗaya kawai. Sabon shiga yakan sa WHERE a wannan gurbi, kwamfuta ta ƙi, domin WHERE yana gama aikinsa tun kafin a kasa kashin.

Wahalar tana wajen zaɓen abin da za a gwada. Wanda ya yi binciken da suna ya ɗebo ruwan dafa kansa: Muhammad Sani nawa ne a ma'aikata guda a Kano? Ga kuma mutum ɗaya da aka rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, kwamfuta ta ɗauke shi mutum biyu. Lambar waya ma haka, wata ta fara da 0803, wata da +234803. Sai an daidaita rubutun tukuna, TRIM ya share sararin da ke gaba da baya, LOWER ya mai da haruffa ƙanana.

Wani tarkon kuma, duk layukan da aka bar gurbin lambarsu fayau, GROUP BY kashi ɗaya yake tara su, sai ka ga kamar mutum ɗaya na cin albashin mutum ɗari.

Mai karatu, in sakamako ya fito, kada ka yi saurin goge kowa. Ajiye kwafin teburin, sannan a kira masu sunayen su zo da takardunsu.